Gashin Meiju

Meiju ta mutu, amma gashinta bai samu hutu ba. Ita tana can bayan gari a ma'ajiyar tokar gawarwakin da aka ƙona, cikin tukunyar haya, an jera ta a kanta guda da mutanen da ko gaisawa ba ta taɓa yi da su ba. Gashin kuwa yana nan layinmu na masu shafe kaya da ƙaro a Fuzhou ta ƙasar Sin, cikin aljihun teburin mijinta, Tsoho Weng.

Haka sana'ar ta gada. Ƙaron nan da ake tsagowa daga jikin bishiya a kan duwatsu, wanda yake fitowa fari kamar nono, ya sha iska ya koma baƙi wuluk, ɗan rainin hankali ne. Ba ya bin gashin doki, ba ya bin na akuya, sai gashin mutum. Akan matse gashin tsakanin siraran katako a yi buroshi, in bakin ya cinye a fere katakon kamar fensir, sabon baki ya leƙo. Kowace fira kuwa, buroshi gajarta yake yi.

Kafin ciwo ya kwashe mata gashi, Meiju da kanta ta datse jelarsa ta ɗora wa mijinta a kan tebur. Duk layi an san abin da ta ce: "Tunda ka fi son kwanoninka a kaina, ga shi nan, ka riƙa riƙe ni dole." Buroshi uku ya fitar. Biyu sun ƙare a kan kwanoni da farantai da sauran aiki. Na ukun ya naɗe a ƙyalle, ya ajiye don aiki ɗaya tak: akwatin tokar gawa mai ɗaki biyu, ɗaya nasa, ɗaya nata. Duk damina yakan yi wa akwatin shafe da buroshin kasuwa, ya bushe, ya goge da gawayi. Saura shafen ƙarshe, wanda gawayi ba ya hawa kansa, wanda duk abin da buroshi ya bari a kai haka zai zauna. Wannan shafen na Meiju ne. Bana kuma ya ce zai yi shi da zarar an wuce ranar sharar kaburbura, ya ɗauko ta daga gidan haya. Bai gaya wa kowa abin da likita ya ce masa ba. Ba sai ya faɗa ba ma, mun ga yana ƙara wa bel ɗinsa huda da ƙusa.

Ɗansa Haibo ne yake riƙe da shagon yanzu. Haibo baki gare shi kamar reza, zai zage ka tas ka tafi gida kana dariya, sai kana cin abinci ka gane an zage ka. A da, layinmu ƙofa-ƙofa masu shafe ne. Kwanon roba ya zo ya share su. Na dama ya koma gyaran waya, na hagu shayin ƙanƙara, saura gidan Weng kaɗai kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Haibo ne ya yi ta buga-buga har ya samo wani kamfani mai yin alƙaluma, irin masu shan tawada, masu bakin zinariya, waɗanda attajiri zai zaro daga aljihu ya sa hannu sau ɗaya ya mayar. Kamfani ya kawo gangar jikin alƙalamin, gidan Weng su shafe ta da jan ƙaro.

"Ni da na shafe teburin gidan kakanni," in ji Tsoho Weng, "yau ga ni ina yi wa yatsa kwalliya."

"Baba, yatsan nan shi ke kai mana shinkafa baki."

Ana saura kwanaki kaɗan ranar shara, Manaja Kong na kamfanin ya zo duba aiki. Mutum ne siriri mai farar safar hannu da 'yar tocila a aljihun gaba.

"Manaja, barka da zuwa," in ji Haibo. "Yau ma tiyata za a yi? Ga majinyatan can a jere."

Kong bai yi dariya ba. Kong ba ya dariya, an ce ko a hoton aurensa haka yake. Ya ɗauki alƙalami ɗaya, ya haska shi ta gefe, yana juyawa a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Alƙalami."

"Layin nan nake nufi."

"Wannan ai sa hannun mai aiki ne. Kyauta muke ba da shi."

"Haibo, mutumin da zai sayi abin nan, motarsa ba layi, takalminsa ba layi, fuskar matarsa ma ya biya an share layin."

"To laifin gashi ne, Manaja. Matan yanzu daga rini sai man miƙarwa sai ƙonawa da ƙarfe. Gashin da ake sayar mana tun yana kan mai shi ya mutu. Ka ba gwanin duniya tsintsiya, shara zai yi maka."

"Samfurin da kuka ba mu bara ba shi da layi."

Samfurin bara da wutsiyar buroshin Meiju na biyu aka yi shi, ranar da ya ƙare.

Kong ya kashe tocila ya cire safar hannunsa yatsa-yatsa. "Maigidana ya riga ya je ya ga wata masana'anta a kudu. Feshi suke yi da inji. Ba ƙaro ba ne, amma ba layi. Ni ne nake ta cewa a jira, a jira. Mako mai zuwa zan dawo. In na ga layi, ba zan ƙara cewa komai ba."

Da rana Sulan, yayar Haibo, ta kawo musu miyar dunƙulen kifi daga gidanta. Tsohon ya ci ɗaya, ya bar sauran suna iyo. Haibo ya yi ta zagaye kamar kare da zafin tuwo, daga bisani ya ce, "Baba, yaya Mama?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ta cikin aljihun tebur nake nufi. Zaman ya yi mata yawa. Ka san halinta, ba ta son zaman banza. Ka ara min ita wuni ɗaya."

Sulan ta ajiye cokali. "Kai, ɗan iska, ka san me kake faɗa kuwa?"

"Yaya, ki bari manya su yi magana. Baba, wuni ɗaya. Shafen ƙarshe kawai. Na wanke ta da mai, na naɗe, na mayar. Ko ita ba za ta sani ba."

"A'a."

"In aikin nan ya tafi, shagon ya tafi. Ka fi ni sani. Sai dai mu ma mu koyi haɗa shayin ƙanƙara. Kai kana kaɗawa, ni ina kiran masu saye."

"Kar ka taɓa," in ji tsohon. Bai ɗaga murya ba. Ya ture kwanon ya tashi, yana dafa bango.

Ranar shara aka tashi da yayyafi, irin wanda ƙaro yake so, don shi a danshi yake bushewa, rana ba ta yi masa komai. Sulan ta zo da lemo da turare da kuɗin takarda na ƙona wa mamata, ta sa wa uban rigar ruwa. Haibo ya ce shi ba zai samu zuwa ba, aiki ya sha kansa.

"Uwarka za ta tambaye ka," in ji tsohon daga bakin ƙofa.

"Ka ce mata ina gaishe ta. Ka ce na ƙara ƙiba."

Ya tsaya har lemar Sulan ta sha kwana. Sa'an nan ya rufe tagogi, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya cire riga, ya jawo aljihun teburin.

Buroshin ya kai tsawon tafin hannu, gindinsa a toshe da baƙin ƙaro. Haibo ya gwada shi da yatsu, ya yi lissafin da duk ɗan sana'a zai yi: fira ɗaya tasa, fira ɗaya ta Baba, har da ragowa. To ina asarar? Tsoho ne kawai da taurin kai. Ya wasa wuƙa, ya fere katakon. Gashin ya leƙo, baƙi siɗik, a miƙe, a haɗe kamar an zuba shi.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce masa. "Ɗan taimako ne. Ai kin saba rufa min asiri."

Ya tace jan ƙaron ta cikin ƙyalle, ya soka alƙalamin farko a tsinke, ya ɗora buroshin. Kai! Abin ba a magana. Ƙaron ya kwanta kamar ruwa a faranti. Ba layi, ba kumfa, ba inda za ka ce nan buroshi ya fara, nan ya ƙare. Haibo ya yi dariya shi kaɗai. Ya ɗauki na biyu, na uku. Yana shafawa yana yi wa Manaja Kong waƙar habaici, yana gaya masa inda zai cusa tocilarsa. Kafin rana ta raba tsaka ya gama da su duka, ya jera su a kantocin ɗakin danshi, jajaye kamar jinin zakara, kowane yana ɗauke da hoton taga a jikinsa.

Sai wanki. Ya tsoma buroshin a mai, ya matse, ya sake, ya sake. Ƙaron ya fita, amma jan garin da ake haɗa shi da shi ya shige har tushen gashi. Duk matsar da ya yi, man sai ya fito da ɗan ja. Akwatin Baba kuwa baƙi ne. Ko makaho ya buɗe ƙyallen nan ya san an yi ɓarna.

To mene ne abin damuwa? Ai an yi tanadin fira ta biyu. Ya ɗora bakin buroshin a kan katako, ya datse jan ya ture gefe, ya soma fira don sabon baki ya fito.

Katako.

Ya ƙara fira. Katako. Ya matsa ƙasa, ya tsaga abin gida biyu har gindi. Fari fat, katako zalla, ko sili ɗaya babu.

Daga baya ne ya gane abin da ya kamata ya gane tun da safe. Buroshi biyun farko su suka cinye dogon gashin. Na ukun da guntayen da suka rage aka yi shi, tsawon gaɓar yatsa, tsohon ya cike sauran da katako don hannu ya samu abin riƙewa. Fira ɗaya ce a cikinsa. Ita ce Haibo ya ci.

Ya zauna a ƙasa mai jiƙe. Ya lalubo guntun da ya datse, ɗan tsiro ja da bai fi farce ba, ya riƙe a tafin hannu. Mai gyaran waya na kusa ya ce tunda yake bai taɓa jin shagon Weng shiru da rana haka ba, har ya so ya leƙa ya ga ko lafiya.

Da yamma suka dawo, tsohon yana warin turare, ƙafar wandonsa duk laka. Bai ko zauna ba ya wuce ɗakin danshi, don haka ya saba, ya ji iskar ɗakin a fatarsa kafin komai. Ya daɗe a ciki. Sulan tana ta ba da labarin cunkoso da tsadar lemo, Haibo kuwa ya ƙura wa ƙasa ido, har ta juyo ta dube shi.

"Kai kuma wa ya mutu?"

Tsohon ya fito a hankali ya ja ƙofar.

"Wa ya yi shafen nan?"

"Ni ne, Baba."

"Hannunka ya faɗa. Ban san ka kai nan ba." Ya tsaya ya huta. "Ina take?"

Haibo ya buɗe tafin hannunsa.

Sulan ta kalli guntun, ta kalli tsagaggen katakon a kan tebur. Marin da ta kwaɗa masa har waje an ji.

"Mugu! Ɓarawon gawa! Muna can muna ƙona mata turare, kai kana nan kana yanka ta?"

"Yaya, na ɗauka har gindi ne. Na rantse na ɗauka..."

"Ka ɗauka! Kullum kai ka fi kowa wayo!"

Ta fizgi almakashi daga bango, ta kwance gashinta ta kama shi da hannu ɗaya. "Baba, ga nawa. Ai jininta ne. Duk ɗaya ne."

"Ajiye."

"Baba..."

"Ajiye, Sulan. Tun kafin aurenki kike rini. Ko da ba rini, sabon gashi maiƙo gare shi. Sai ya kwanta shekaru kafin ƙaro ya yarda da shi."

Shekaru. Kowa a shagon ya san tsohon ba shi da su. Sulan ta ajiye almakashin, ta juya fuska bango.

"Me ya sa ba ka gaya min rabi ne ba?" in ji Haibo. "Da ka ce min, Baba. Kalma ɗaya."

"Na ce maka kar ka taɓa. Ban san sai na haɗa maka da dalili ba."

Ya miƙa hannu. Haibo ya juye masa guntun a tafi. Tsohon ya rufe hannun, ya hau sama, bai ci abinci ba.

Washegari da Haibo ya sauko, ya tarar an riga an yayyafa ruwa a ƙasa. Akwatin yana kan tebur, an goge shi, baƙi dusu-dusu, yana jiran shafe. Tsohon ya tsaga gora siriri gida biyu, ya sa guntun gashin a tsakani, yana ɗaurewa da zaren siliki. Yatsunsa sun rame, zaren yana kuɓuce masa, ya sake, ya sake.

"Baba, ba zai riƙe ba. Ba tushe. Bari in je wajen mai buroshi, in ce ya ba ni mafi kyau da yake da shi, ko nawa ne."

"Tace min ƙaro."

"Ko mu jira Manaja ya zo, in roƙe shi, kamfaninsu suna da hanya, su nemo mana daga..."

"Haibo. Tace min ƙaro."

Ya tace. Ya matse ƙyallen har baƙin ƙaron ya zubo a kwano, mai kauri, mai sheƙi. Tsohon ya tsoma ɗan buroshin nasa, ya ja numfashi, ya ɗora a kan murfin.

Jan farko ya tafi lafiya. A na biyu ja ya soma fitowa, siririn layi cikin baƙi, kamar jijiya a ido. Buroshin ya yi ƙanƙanta, kafin a kai wannan gefe wancan ya soma kamawa, sai gaɓa ta fito a inda suka haɗu. Haibo ya ga duk wannan, ya san tsohon ya fi shi gani. Mutumin da manyan gari suke aiko masa da kaya daga nesa, yau yana yin aikin da ko ɗan koyo ya yi sai an ce ya kankare.

Sai zaren ya saki. Sili ɗaya ya zame ya kwanta a kan jiƙaƙƙen ƙaron. Wani ya biyo shi. Kowane ja sai ya bar biyu, uku, wasu a miƙe, wasu a lanƙwashe. Haibo bai ma yi tunani ba, hannunsa ya ɗauko tsinken gora mai kaifi da ake tsince gashi da shi kafin ƙaro ya kama, ya miƙa.

Tsohon bai karɓa ba. Ya ci gaba, ya gama murfi, ya bi gefe huɗu, yana tsayawa yana tari a cikin hannun rigarsa don kada numfashi ya taɓa aikin. Da ya kai kusurwar ƙarshe, gora ce kawai take gogar akwatin. Ya duba bakinta, ba abin da ya rage. Ya ajiye ta.

"Baba, akwai gashi a ciki."

"Na gani."

"Yanzu zai kama. In ya kama shi ke nan."

"Ɗauki. Ni ba zan iya ba."

Haibo ya ajiye tsinken. Ya sa hannu biyu a ƙarƙashin allon da akwatin yake kai, ya ɗaga, tsohon ya buɗe masa ƙofar ɗakin danshi. Sanyin ɗakin ya bugi fuskarsu. Kantoci daga sama har ƙasa cike suke da jajayen alƙaluma, kowane a kan tsinkensa, ba masaka tsinke.

"Bari in kwashe layi ɗaya," in ji Haibo.

"Ba su bushe ba. Ka motsa su yanzu, ƙura ta hau, ka ɓata aikin mutane."

"To ina zan sa shi?"

Tsohon ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya nuna da haɓa wani ɗan fili a ƙarƙashin kantar ƙarshe, kusa da bokitin ruwa.

"Nan ma ya isa. Ajiye a hankali."

Haibo ya durƙusa ya tura akwatin ciki. Yana nan a durƙushe tsohon ya ce ya fito haka nan, danshin ɗakin yana fita ta ƙofa.